Zuwa Argungu a kan babur: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da masu sha'awar doguwar tafiya a babur suke ta maimaitawa duk lokacin da zancen Argungu ya taso. An faro daga na sama-sama, an gangara zuwa waɗanda sai wanda ya riga ya ɗaure kayansa yake yi.

Ina Argungu take, kuma me ya sa za a je ta a babur?

Argungu tana Jihar Kebbi, a bakin gulbin da ya gangaro daga Sakkwato bayan ya haɗe da Rima, ya wuce ta Birnin Kebbi ya je ya faɗa Kwara. Tsakaninta da Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, da Birnin Kebbi kuwa kimanin 50. Nan ce fadar Sarkin Kabi, kuma masarautar ɗaya ce daga cikin huɗun da ke jihar, tare da Gwandu da Yawuri da Zuru.

Mota za ta sauke ka a tasha, ta kai ka ƙofar fada, iyakarta ke nan. Rayuwar garin kuwa tana can ƙasa, a fadama da bakin ruwa, inda hanyoyin ba su wuce faɗin amalanke ba. Babur ne kaɗai yake shiga can ba tare da wahala ba. Sai dai babur yana da nasa sharaɗin a wannan yanki a yanzu, don haka kar ka tsallake tambayar tsaro da ke ƙasa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a je?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ja da baya, hanyoyin fadama sun bushe, manoman rani sun duƙufa, rana kuma ba ta yi zafin da za ta gasa ka a kan kwalta ba. Matsalar lokacin ita ce hazo da sanyin asuba. Wanda ya tashi daga Sakkwato bayan sallar Asuba a watan Janairu ba safar hannu, kafin ya kai Boɗinga yatsunsa sun ƙi kama birki. Ka jira rana ta ɗan ɗaga.

Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi yakan haura digiri 40, injin babur da mai tuƙinsa duk suna jigata. Damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, gari yakan yi kyau ƙwarai, ko'ina kore shar, amma lokacin ambaliya ne. A 2020 ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a Kebbi, ya karya gadoji. Idan damina ce kaɗai ka samu sarari, ka tsaya kan kwalta, ka manta da fadama.

Ta wace hanya zan bi?

Daga Sakkwato za ka fita ta hanyar Boɗinga, sannan ka rabu da babbar hanyar Jega ka kama ta Argungu. Mararrabar ba ta ɓuya, duk ɗan kabu-kabun da ka tsayar zai nuna maka. Daga Birnin Kebbi hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya. Wanda ya taso daga kudu zai biyo ta Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, ya shiga Birnin Kebbi. Mutanen Nijar kuwa ta Doso da Gaya suke bi su shigo Kamba, in iyaka tana buɗe.

Mai tasowa daga Kano ko Katsina shi ne yake da aiki a gabansa. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau zuwa Talata Mafara doguwa ce, kuma ta ratsa yankunan da 'yan bindiga suka addaba. Shawarata ita ce a ɗora babur ɗin a mota zuwa Sakkwato, a fara hawa daga can. Ba abin kunya ba ne.

Yaya batun tsaro?

Cikin garin Argungu da babbar hanyar da ta haɗa shi da Birnin Kebbi jama'a suna harkokinsu kullum. Ƙauyukan da ke arewa da yamma, wajen iyakar Nijar, su ne abin lura. A Nuwamban 2024 Lakurawa sun kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, wadda take cikin masarautar Argungu, suka kashe mutane. A farkon 2025 kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Labarin hanya yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka wanda za ka tambaya shi ne direban da ya biyo ta yau da safe, ba wanda ya bi ta bara ba.

Akwai wani ɓangaren da matafiya ba su cika tunawa da shi ba. A wannan yanki babur shi ne abin hawan 'yan bindiga, saboda haka baƙon da ya shigo ƙauye a babur, fuska a rufe da hular kwano da ƙyalle, shi kansa abin tsoro ne. Idan ka doso ƙauye ka rage gudu tun daga nesa, ka buɗe fuskarka, ka kashe inji a wajen majalisar farko da ka gani, ka sauka ka yi sallama. Ka faɗi daga inda kake da wurin wanda ka zo. 'Yan banga ba sa wasa da baƙon da ya wuce su fuu bai ce uffan ba. Kuma komai daɗin hira, la'asar ta same ka a cikin gari.

Wane irin babur ne zai iya, kuma me zan duba kafin in tashi?

Wanda kake hawa kullum ya isa. Boxer, Jincheng, Haojue, TVS, duk suna yin wannan tafiya, kuma amfaninsu shi ne kowane bakanike a Argungu ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma suna kasuwa. Babban babur na 'yan gayu yana burgewa a kan kwalta, amma in wani abu ya tsinke a jikinsa sai ka jira saƙo daga Legas. Roba-roba kuwa tayoyinta ƙanana ne, yashi yana riƙe ta.

Kwana biyu kafin tafiya ka juye baƙin mai, a ɗaure sarƙa a shafa mata mai, a duba birkin gaba da na baya, fitila da hon. Tayar da ta suɗe a canza ta, kar a yi mata jinya. A cikin jaka ka sa fulogi sabo, tiyub, ƙaramin famfon iska, sifana biyu ko uku, wayar kuloci, da robar ɗaure kaya. Ƙaya tana da yawa a hanyoyin gefen gari, masu faci kuma sai a bakin titi.

Waɗanne takardu zan riƙe, kuma yaya zan yi a shingen bincike?

Rasitin sayen babur, takardun rajista, lamba a jikinsa, lasisin tuƙi, da katin shaidar ɗan ƙasa. Ka ɗauki hotonsu a waya, ainihin takardun kuma ka naɗe su a leda. Hular kwano doka ce, ko da ka ga 'yan gari ba sa sawa.

Shingaye suna da yawa saboda kusancin iyaka: 'yan sanda, sojoji, kwastan, jami'an shige da fice. A wasu shingayen soja ana so mai babur ya kashe inji ya tura har ya wuce. Ka kalli abin da na gabanka suka yi ka bi sahu. Kar ka ciro waya, kar ka ɗauki hoto. Gwamnatoci a Arewa maso Yamma sukan sa dokar hana hawa babur a wasu ƙananan hukumomi ko a wasu sa'o'i, su ɗage, su sake sawa, don haka ka tambaya a tasha kafin ka ƙetara daga wata jiha zuwa wata.

Mai fa, da kuɗi?

Cikakken tankin babur irin Boxer zai kai ka daga Sakkwato ya dawo da kai, har da saura. Duk da haka ka sake cikawa a gidan mai a Argungu kafin ka gangara fadama. 'Yan bumburutu suna nan, amma man galan wani lokaci da ruwa ko datti a cikinsa. Kar ka ɗauro jarka a bayan babur: a yankin iyaka, jarkar mai tana jawo tambayoyin da ba ka shirya amsawa ba. Akwai masu POS a gari, amma mai fito da mai soya kifi tsaba suke so, kuma canji ƙanana.

Na iso gari. Daga ina zan fara?

Daga Gidan Tarihin Kanta, kusa da kasuwa. Ginin tsohuwar fada ce ta ƙarni na 19. Sarakuna sun zauna a cikinta har 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka mai da ita gidan tarihi. A ciki akwai masu, takubba, kwari da baka, bindigogi, tambura, layu da kayan kamun kifi. Kaburburan sarakunan Kabi ma suna nan, saboda haka ka shiga da ladabi, ka rage murya.

Abin da ya sa na ce a fara da nan shi ne, in ba ka ji tarihin ba, garin zai yi maka kama da kowane gari. Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya yi hedikwata a Surame, ya tsaya wa Songhai da Borno. A lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Birnin Kebbi, hedikwatar Kabi a wancan zamani, ta faɗi a 1805, amma wani ɓangare na Kabawa bai miƙa wuya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ta da tutar Kabi a Argungu, aka ci gaba da gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Kilomita ɗarin nan da ka shafe cikin sa'o'i biyu, shekara da shekaru fagen daga ce. Sarkin yanzu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana kan gado tun 1996.

Ka bar babur a inuwa wajen wani mai shago, ka zaga tsohon gari da ƙafa. Lungunan matsattsu ne, yara suna wasa a ciki.

Me zan gani a Matan Fada, wurin da ake bikin kamun kifi, ranar da ba a biki? Zan iya jefa ƙugiya?

Wanda ya saba ganin hotunan dubban mutane cikin ruwa zai iya jin kamar an yaudare shi: ruwa ne a kwance, da rumfar manyan baƙi babu kowa. Amma ni a ganina ranar ce ta fi. Da sassafe za ka tarar da masunta a sauran sassan gulbin suna ɗinkin koma, mata suna wanki, shanu suna gangarowa shan ruwa, injinan ban ruwa suna ta ƙara a cikin shinkafa. Ka zauna kusa da mai ɗinkin koma ka gaishe shi, hira za ta zo da kanta.

Ka nemi a nuna maka gora. Ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya mai baki a sama. Masunci yakan kwanta a kanta da ƙirji, ya riƙa tura ruwa da ƙafa, koma ɗaya a kowane hannu kamar fukafukai, in ya kama kifi ya jefa ta bakin gorar. Da ido abin ba wuya. Baƙon da ya gwada yakan kife tun bai yi taku biyu daga gaɓa ba.

Ƙugiya kuwa, a'a. Matan Fada wuri ne da ake killacewa don kifi ya girma kafin biki, kuma Sarkin Ruwa ne yake da iko da shi. Idan kana son kamun kifi, ka tambayi masunta inda aka yarda, ka bi ɗayansu.

To shi bikin kamun kifin fa? In daidaita tafiyata da shi?

Bikin a yadda aka san shi yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa gagarumin su don nuna cewa gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi ta ƙare. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake gado. Akan yi shi tsakanin Fabrairu da Maris, kwana huɗu. Kafin ranar ƙarshe akwai wasannin Kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun kifi da hannu, kamun agwagwa, ga kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona. Ranar ƙarshe a ba da alama, masunta su rugo su afka ruwa, makaɗa suna bin su a cikin jirage. Cikin kamar sa'a guda an gama, a kai giwan ruwa kan sikeli. Kifin da ya ci gasar a 2020 nauyinsa kilo 78.

Ba kowace shekara ake yi ba. An shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin na 2020, don haka sai gwamnatin jiha ta sanar da rana za ka sa rai. Ga mai babur, makon biki yana da riba ɗaya: kana kutsawa inda motoci suka cushe. Sauran duk wahala ce. Masauki ya cika, farashi ya tashi, jami'an tsaro sun rufe hanyoyi saboda manyan baƙi, wurin ajiye babur kuma sai ka yi da gaske. In bikin kake so ka je bikin. In garin kake so ka zaɓi wani mako.

Yaya ake tuƙi a cikin fadama?

Abu biyu ne: yashi da laka. A yashi ka sa giya ta biyu, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, ka ja jikinka baya, ka bar kan babur ya ɗan yi rawarsa. Wanda ya damƙe birkin gaba a cikin yashi ya sha ƙasa. Rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, in dai kana da famfon da za ka mayar (dubi tambayar irin babur). Laka ta fi yashi mugunta, domin ƙasar fadama takan bushe a sama ta tsattsage, ƙarƙashinta kuwa taɓo ne. In ba ka ga sawun taya a wuri ba, akwai dalili.

Sannan ka tuna gonar mutane kake ratsawa. Shinkafa ita ce arzikin wannan yanki, har akwai babbar masana'antar casa ta WACOT a garin tun 2017. Kar ka hau kan kunya, kar ka taka tiyon ban ruwa da aka shimfiɗa a kan hanya, ka sauka ka ɗaga shi ko ka zagaya. Lokacin girbi za ka ga an shanya shinkafa a gefen kwalta. Raƙumi da jaki da amalanken shanu su ne masu hanya, kai baƙo ne, kuma hon yana firgita su.

Zan iya ƙetare gulbi da babur a cikin kwale-kwale?

Ana yi kullum, masu fito sun saba. Ka kashe inji, ka rufe mai, ka bar shi a giya don kar ya gangara. Ka sauke kayan da ka ɗaure, a shigar da su daban. Mutum biyu ne suke ɗora babur, kuma mai jirgi ne zai ce ga inda za a tsayar da shi, ba kai ba. Ku yi ciniki tun kuna kan gaɓa.

Idan ka ga an loda jirgi har ruwa ya kusa bakinsa, ka ce ka fasa, ka jira na gaba. Lodi fiye da kima da tafiyar dare su ne suka fi kashe mutane a ruwayen Kebbi. Haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a kogin Kwara a Mayun 2021 ya ci rayuka da dama. Gulbin Argungu bai kai Kwara faɗi ba, amma da damina yana da ƙarfi. In akwai rigar kariya ka sa. Ka cire hular kwano da takalmi mai nauyi kafin a tura jirgi. Inda kuma akwai gada, ko da zagaye ne, ka bi gada.

Zan iya yin wanka a gulbin?

Za ka ga yara suna ta tsalle a ciki, zafi kuma zai sa ka yi sha'awa. Ruwan fadama da ba ya gudu sosai yana ɗauke da tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Akwai kada a wasu wurare, akwai ramuka masu zurfi da 'yan gari kaɗai suka sani. Ka yi wankanka a masauki.

Me ake ci, kuma yaya zan kawo kifi gida?

Tuwon shinkafa da miyar kuka, masa da safe, fura da nono da rana, soyayyen kifi da yaji da yamma. A kasuwa za ka ga tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, ragon ruwa, wani lokaci da giwan ruwa. Kar ka sa ran ganin irin ƙattin nan na ranar biki a kan tire.

Tsaraba kuwa kifin banda za ka saya. Ɗanyen kifi ba ya jure sa'o'i biyu a bayan babur cikin rana. Ka karya na banda ɗaya ka duba cikinsa, in akwai danshi ko tsutsa ka bar shi. A naɗe maka a takarda a sa a kwali, ba a leda ba, domin leda tana sa shi gumi. Ka ɗaure kwalin a saman kaya, kar robar ta matse shi, in ba haka ba gari za ka kai gida.

A ina zan kwana, kuma ina zan ajiye babur?

Akwai ƙananan masaukai a garin, waɗanda suka fi su kuma suna Birnin Kebbi, tafiyar kamar sa'a guda. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambaya ko za a shigar da babur cikin gida, ka sa masa kwaɗo a taya ban da makullin kai. Garin bakin ruwa ne, sauro ba ya hutu ko da hunturu, don haka ka taho da gidan sauronka. Kwana a tanti a bakin gulbi, irin wanda ake gani Turawa suna yi a intanet, kar ka fara. Dalilin yana cikin amsar tsaro.

Akwai laifi in ɗauki hoto?

Gulbi da gonaki ba mai hana ka. Mutane kuwa sai ka tambaya, musamman mata a wurin wanki ko wanka. A gidan tarihi ka nemi izinin mai kula da wurin. Gada, shinge, ofishin 'yan sanda da duk inda ka ga kaki, waya ta zauna a aljihu. Jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto ka bar shi a gida.

Mu je ayari ko in tafi ni kaɗai? Goyo fa?

Babur biyu ko uku ya fi: in ɗaya ya lalace akwai mai zuwa neman bakanike. Fiye da haka kuma ya zama abin firgita ƙauye, domin babura goma a jere ma'ana ɗaya gare su a wajen mutanen karkara yanzu. Idan ƙungiya ce, ku sanar da ofishin 'yan sanda da fada da zarar kun iso, ku ɗauki ɗan gari ya shige gaba.

Goyo ba matsala a kan kwalta, in dai shi ma yana da hular kwano. A yashi da bakin ruwa ya sauka ya taka. In da mai ɗakinka za ka, a tattare bakin hijabi da zani sosai, don sarƙa da tayar baya suna kama tufa.

Tunda na ji tarihin Kanta, zan iya zarcewa Surame?

Kufan Surame yana cikin Jihar Sakkwato ne, a ƙaramar hukumar Binji. Ragowar ganuwar dutsen tana nan, kuma wurin yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Sai dai yana cikin daji, nesa da kwalta, a ɓangaren da ake fama da Lakurawa. Ba wurin da baƙo zai kama hanya da taswirar waya ba ne. Wanda ya matsu ya fara da ma'aikatan Gidan Tarihin Kanta ko hukumar kula da gidajen tarihi a Sakkwato, ya ji ko ana zuwa a wannan lokacin, ya kuma nemi ɗan rakiya daga wajen hakimin yankin. In suka ce a dakata, a dakata.